Kabewar da Na Yi wa Wanka

Ƙulun ƙulufit, 'yan waya! Me ake haifa rututu a gadon asibiti, ba naƙuda ba ungozoma, amma da wuya ka ga wanda ya kai ranar suna? Ku riƙe amsarku tukun.

Na san kun daɗe ba ku ji ni ba. An ce wasu har sun fara "Allah Ya jiƙan Inna Balki." To ku adana addu'arku, ban tafi ba.

Da ciwon ƙeya abin ya fara, na ce rana ce. Wata safiya ina dama koko a gidana na Tsafe, ludayi ya suɓuce. Na kai hannun dama in ɗauka, hannu ya ce bai san ni ba. Baki ya karkace.

Maƙwabciyata ta shigo da garwashi da hayaƙi, wai iska ce ta shafe ni. Allah Ya taimake ni ɗana Sani ya zo ya kwashe ni sai asibiti a Gusau.

Aka auna jini, aka tura kaina cikin wani inji kamar burodi za a gasa. Likita ya ce, "Inna, hawan jini ne ya taɓa ɓarin dama. Da kin ƙara zama shan hayaƙi, da labarin ya canza." Tumakina suka tafi kasuwa, ba su dawo ba.

Na ji tsoro. Ba na mutuwa ba, ita dama tana hanya. Tsoron in zama kaya, a juya ni, a goge ni, a jingine ni a bango.

A ɗakinmu na mata kuwa sai alƙawura. Ta gadon kusa da ni, Hajiya Kulu mai atamfa, kullum bayan allurar safe sai ta ɗaga ido sama: in ta fita ta bar gishiri, ta bar soye-soye, ta bar gulma, ta bar yawon biki, za ta koma islamiyya, za ta riƙa zagaye unguwa da asuba. Mace guda! Ko jaki aka ɗora wa wannan ai sai ya durƙushe.

Sani ma ya kawo min nasa dokokin, yana lissafa min da yatsu kamar ni ce 'yar ajinsa. Na ce to, na ce to. Kafin a sallame ni na manta rabi.

Sai ga Hajiya Tasalla daga Bungudu, uwar mijin autata Hadiza, ta zo dubiya da ledar lemo. Hadiza na da cikin fari a lokacin, kuma kun san haihuwar fari gidan uwa ake zuwa. Duk jikan da na samu, hannun nan ne ya fara yi masa wanka.

Ta dubi hannuna yana kwance kamar tsumma, ta yi murmushi. "Hajiya, kada ki sa damuwa. Hadiza ta haihu a wurina kawai. Jariri da santsin sabulu ba a ba mai hannu ɗaya."

Na ce, "Na gode da lemo."

Washegari a ɗakin gashin ƙashi, mai motsa min hannu ta ce, "Inna, me kike so hannun nan ya yi miki?"

Na ce, "Wankan jariri."

Ta ce, "To shi za mu bi."

Da na koma gida na sa aka sayo kabewa mai nauyin jariri. Baho, ruwan ɗumi, sabulu. In tallafe ta da dama, in cuɗa da hagu. Ta farko ta faɗi ta fashe. Ta biyu ma. Mutanen gidana sun sha miyar taushe har suna ganin kabewa su kau da kai.

Akwai ranar da na zauna gaban baho na yi kuka, yatsun sun ƙi rufuwa. Na share ido na ce a kawo wata.

Magani ban tsallake ba, gishiri na rage, ranar gashi ko hadari ya haɗo sai na hau mota. Ba don Sani ba. Duk lokacin da na kai hannu ga kilishi sai in ga murmushin Hajiya Tasalla.

A layin ganin likita na sake haɗuwa da Hajiya Kulu, da tsire a leda, tana ba ni labarin auren wata nas. Na ce, "Ina islamiyya?" Ta ce, "Sai bayan Salla." Ban tambaye ta wace Sallar ba.

Da watan Hadiza ya kama, na aika a kira Hajiya Tasalla. Na wanke kabewa a gabanta, na juya ta, na ɗauraye, na miƙa mata. Ta karɓa ta koma Bungudu. Hadiza ta taho gida.

Namiji aka haifa, angona, baƙi wuluk mai ƙaton kai irin na dangin ubansa. Na tallafe shi da dama. Hajiya Tasalla ta tsuguna tana tara hannuwa a ƙasa. Na ce, "Hajiya, tawul za ki riƙe."

Har yau ba na ɗaga bokiti, ɗan yatsana ɗaya kuma ya ƙi tuba. Amma alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa Sani, da likitoci, da yarinyar ɗakin gashi. Hajiya Tasalla ma na gode, ba ta san ita ce maganin ba.

Ku auna jininku ko ba ku jin komai. In baki ya karkace ko hannu ya saki, a bar hayaƙi a nemi mota. In kuma za ku ɗauki niyya, ku bar tarkace. Ku zaɓi guda wadda in ta kuɓuce za ku yi kuka, sauran za su biyo ta da ƙafarsu.

Amsar ita ce alƙawarin majinyaci. Na Hajiya Kulu duk a ƙofar asibiti aka binne su. Nawa guda ne, ga shi nan a cinyata yana min fitsari.