Garba da Ciyawar Filin Jirgi

A watan Yulin 2011 na fara sanin Garba Dodoru. A lokacin ni ke kula da awon yanayi a wani ƙaramin filin jirgin sama, inda jirgin fasinja ɗaya ke sauka sau uku a mako. Na fito da safe duba ma'aunin ruwa, sai na tarar da wani dogon mutum tsugune a gefen titin jirgi yana auna tsayin ciyawa da taƙin hannunsa. Na tambaye shi abin da yake yi.

"Kai kana awon ruwa," in ji shi, "ni ina awon abin da ruwan ya haifa. Mi ya raba mu?"

A takarda Garba lebura ne, aikinsa yankan ciyawa da korar tsuntsaye. To amma filin yana da faɗi, lebura huɗu ba su iya masa. Saboda haka tun kafin zuwana ya ƙulla yarjejeniya da Arɗo Zubair, shugaban wasu Fulani masu kiwo tsakanin Gwandu da Kalgo. Idan damina ta kusa ƙarewa, mutanen Arɗo kan shigo da lauje bayan jirgi ya tashi, su fita kafin la'asar. Sharuɗɗan Garba biyu ne. Kada a yanke ƙasa da taƙi guda, kuma kada a bar ko dami ɗaya ya kwana a fili. Su Fulanin su sami abincin shanu na bazara, su kuma hana dabba matsowa kusa da shingen waya. Tun da na bar makarantar mishan a Zuru, inda ake duba filin kowane ɗalibi da rula, ban sake ganin yankan ciyawa mai tsafta irin wannan ba.

A 2022 aka kawo mana sabon manaja, Malam Kamal. Ba zan zalunce shi ba. Ya gyara janareta, ya gyara banɗakin fasinjoji, ya hana ma'aikata zuwa ƙarfe goma. Sai masu binciken filayen jirgi suka zo, suka rubuta cewa sun ga mutane marasa katin shaida a cikin shinge. Nan take ya hana Fulani shiga, ya ba wani ɗan kwangila aikin yanka da tarakta.

Ina ofishinsa lokacin da Garba ya shigo, ya cire takalmi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, na riga na ba Arɗo magana tun ruwan farko. Bana bai kama harawar kowa ba, bai nemi karan gonar kowa ba. Da ciyawar nan ya dogara."

"Baba Garba, wa ya aike ka? Filin naka ne?"

"Ba nawa ba ne. A yi musu katin mana, ni na san kowa da ubansa."

"Mutum arba'in da lauje, in ba su katin shiga filin jirgi? So kake a kore ni?"

"To in taraktar za ta yi, ta bar taƙi guda. Tsuntsu ba ya son sauka inda ba ya hangen gefensa. In aka aske ƙasa, wallahi balbela za a gayyato."

Manaja ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin taƙi a littafin ƙa'ida ba. Na koma na rubuta masa shafi uku ina goyon bayan Garba, na haɗa da lissafin tsuntsayen da nake yi shekara goma sha ɗaya. Aka buga wa takardar hatimi, aka sa ta a fayil. Ban sake jin labarinta ba.

Tarakta ta zo ranar goma ga Oktoba. Cikin kwana biyu ta aske filin ƙwal, ta bar ciyawar a zube. Fara da sauran ƙwari suka fito fili. Kashegari gefen titin jirgi ya yi fari fat da balbela, shirwa na shawagi a sama. Jirgin ranar Laraba sai da ya yi minti ashirin yana kewaya, Garba da abokan aikinsa suna gudu suna buga garwa. Na Juma'a ya sauka, amma tsuntsu ya faɗa injinsa. Babu wanda ya ji rauni. Jirgin ya kwana huɗu a wurinmu, kamfanin kuma ya dakatar da zuwa har mako shida. Masu tasi suka watse, mai shayin bakin ƙofa ya koma Kalgo.

Garba ya sake komawa ofis. Wannan karon roƙonsa ɗaya ne, a bar leburori su kwashe ciyawar su kai bakin ƙofa, Fulani su ɗauka daga waje, ba sai kowa ya shigo ba. Aka ce masa takardar kwangila ta ce ɗan kwangila ne zai kawar da ita. Shi kuwa ɗan kwangila ba shi da motar kwasa. Ya tara ta a bayan fili ya cinna mata wuta. Muna tsaye ni da Garba muna kallo. Can bayan waya ga mutanen Arɗo su ma suna kallo, babu wanda ya ɗaga wa Garba hannu. Ban taɓa jin haushin aikin gwamnati kamar ranar ba.

Da shekara ta kewayo aka umarci mai tarakta ya ɗaga wuƙar yanka santimita ashirin, wato taƙi guda, aka liƙa umarnin a allon sanarwa. Babu sunan Garba a ciki, kuma ba a mayar da Fulani ba.

Ni kuwa na riga na yi ritaya tun ƙarshen shekarar da aka ƙone ciyawar. A watan Afrilu, ana tsananin zafi, na hau babur daga Kalgo zuwa Dodoru in gaishe da Garba. Ban same shi ba, ya tafi masallaci. Matarsa Jummai ta shimfiɗa mini tabarma a zaure. Daga nan na hango turke biyu babu komai a kai, rumfar da ake tara harawa ma wayam. Na tambaye ta ko ɓarayi ne.

"Ina fa ɓarayi, Malam. Shi ne da kansa. Amalanke uku ya loda, duk harawar gonarmu, ya kai rugar Arɗo. Bijiman da yake kiwo saboda Babbar Salla kuma babu abin ba su, sai ya kai su kasuwa tun ba su yi ƙiba ba. Ni ma sai da na ga ana lodi na sani."

Da ya dawo muka gaisa, na ce masa ai laifin ba nasa ba ne, wanda ya hana shi ne ya kamata ya biya.

"Arɗo bai san manaja ba," in ji Garba. "Ni ya sani."

Na tambaye shi ko harawar ta ishe su. Ya ce ba ta isa ba, amma shanu masu shayarwa sun samu, kuma Arɗo ya amsa gaisuwarsa a kasuwa makon jiya.