Yankan Burodi a Kan Kifin Lorna

Shekara goma sha ɗaya Lorna Pawlak ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari na jihar Wisconsin ta Amurka: yara arba'in da biyu, tsayawa goma sha tara, fita ƙarfe shida saura kwata. Ba ta taɓa fashi ba sai da cikinta ya tayar mata da rigima. Likita uku ta gani a banza, na huɗu ne ya gano hanjinta ba ya shiri da alkama da danginta. Ko ɓurɓushi ya shiga bakinta, kwana uku za ta yi tsakanin gado da bayi.

Gida kam ta gyara shi tsaf. Ta kyautar da tukwane biyu, ta zubar da cokulan katako bakwai, duk don fulawa ta taɓa su. Waje ne ya gagare ta. Sau huɗu ta ci abinci a waje a wannan zangon karatu, sau uku ta kwanta, har kamfanin motocin ya ba ta takarda: ta ƙara fashi ɗaya, a ba wani motarta.

Ana cikin haka mahaifinta, Casimir, ya cika tamanin, ranar kuma ta faɗo Juma'a, ranar da 'yan garin suka saba fita cin kifi. Shekara arba'in yana zama a teburi ɗaya a gidan abincin Bev, a kawo masa soyayyen kifi cikin ƙullun fulawa, da dankali, da yankan baƙin burodi a ɗore a sama kamar yadda ake yi wa kowa.

"Baba, in zo in zauna kawai in sha ruwa mana," in ji Lorna.

"Ki sa ni gaba ina ci kina kallo kamar gandiroba? Wata goma sha huɗu rabon da mu ci abinci tare, 'yar nan. Na san ke ce sarkin ƙirge, amma wannan ni ma na ƙirga."

Ran Laraba ta je wurin Bev da ƙafarta, ta miƙa mata takarda mai layi biyar: gasasshen kifi, sabuwar tanda, wanke hannu, ban da man suyar kowa, ban da burodi ko kusa. Bev ta karanta tana dariya.

"Tun kina rarrafe nake ciyar da ke, yau ke ce malamata? Kwantar da hankalinki, da hannuna zan yi."

Juma'a da yamma wurin ya cika maƙil. Lorna ta tashi wanke hannu, ta dawo ta tarar da farantinta: kifi fari tas, babu burodi. Ta duba gefe, ta ɗaga ƙasan, sannan ta sa cokali. Loma shida ta yi, idonta har ya kawo ruwa don daɗi. A ta bakwai ta lura da farantin tsohon.

"Baba, burodi biyu aka ba ka?"

"Ɗaya naki ne. Bev ce ta ɗora, hannu ya saba. Na ɗauke kafin ki dawo, har na share wurin da yatsa." Ya nuna cunkoson da haɓa. "Dubi yadda baiwar Allah take fama. Ai ba a mayar da faranti a wahalar da mutum kan yankan burodi ɗaya."

Ta ajiye cokalin a hankali, ta dubi agogo. Shida saura kwata. Daga nan zuwa safiyar Litinin awa sittin. Ciwon nan saba'in da biyu yake ci, bai taɓa yi mata ragi ba. Aka yi wa tsohon waƙa, ta tafa tare da kowa.

Tun Asabar Casimir ya tare a gidanta. Ya tafasa shinkafa, ya dafa shayi, ba abin da ya zauna mata. Litinin da safe ta sa kayan aiki, ta ɗauki makulli, ta kai ƙofa sau biyu tana juyowa da gudu. A na uku ta tsaya riƙe da bango, jiri na ɗibarta, ta tuna tsayawa goma sha tara babu bayi ko ɗaya, da yara arba'in da biyu a bayanta. Ta ɗauki waya ta kira kamfanin. Shugabanta ya ce ta yi haƙuri, ta kawo makullin in ta ji sauƙi.

Tsohon yana zaune a kicin, hularsa a gwiwa.

"Yanka ɗaya fa, Lorna."

"Ɗaya, Baba."

Can ya ce, "Takardar nan da kika kai wa Bev, akwai wata?"

Ta zaro ɗaya daga jaka ta tura masa. Ya maƙala tabarau yana bin layi na farko da yatsa. Ita kuwa taga take kallo. Motarta ta sha kwana ta wuce da wani a kujerar direba, ta makara da minti huɗu.