Malam Sallau, Wanda Ba Ya Ba Da Aron Takalmi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024, da hantsi, ina shagona na ɗinki a Talata Mafara, Abdulmalik ya kira ni daga asibiti a Gusau ya ce mahaifinsa, Malam Sallau Abdulmumini Bakura, ya cika. Aka kawo shi gida Bakura, aka yi masa sutura bayan la'asar. Tsohon malamin firamare ne, manomin shinkafa, kuma alƙalin wasan ƙwallo wanda babu filin da bai busa usur a cikinsa ba tsakanin Mafara, Bakura da Maradun. Ni nake riƙe masa tuta a gefen fili shekara da shekaru, har mutane suka bar kirana Lauwali Tela suka koma Lauwali na Malam.

Malam, ka tafi ana saura 'yan kwanaki a buga wasan ƙarshe na kofin damina tsakanin samarin Bakura da na Maradun. Bara da suka haɗu kana Umara, aka ɗauko wani alƙali, wata ƙwallo ta jawo musu alhali yana can tsakiyar fili bai ga komai ba, aka tashi da jifa, aka fasa wa mutane kai. Dattawan garuruwan biyu suka ce idan aka sake haka bana, gasar ta mutu ke nan. A wannan zamani da mutum ba ya bin hanya sai da dalili, wannan gasa tana cikin 'yan abubuwan da suka rage masu haɗa samarinmu wuri ɗaya da rana tsaka. Kowane ɓangare ya ce bai yarda da kowa ba sai kai. Da ka rasu aka ɗaga wasan, sannan masu shirya gasar suka waiwayo suka ce ni zan busa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Masu yi maka ta'aziyya sun faɗi alheranka, kuma ba su yi ƙari ba. Na ga ka goya ɗan wasan da ya karye a babur ɗinka daga Maradun zuwa asibiti, ka kwana kansa alhali ba ka san iyayensa ba. Na ga buhunan shinkafa suna fita gidanka lokacin girbi zuwa gidajen waɗanda aka koro daga ƙauyuka, ba tare da ka bari an ambaci sunanka ba. Babur ɗin nan kuwa kusan na unguwa ne, kai ma sai ka tambaya yana wurin wa. Amma akwai abu ɗaya da ban taɓa ganin ka ba kowa aro ba, shi ne takalmin alƙalanci. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, kuma ni mutum ne da ba ya iya barin tambaya ta kwana.

Na fara cin karo da wannan hali a Maradun. Kambas ɗina ya buɗe baki ana dab da fara wasa, ga jakarka da takalma har kala uku, ga ƙafarmu kusan ɗaya. Na roƙa, ka ce a'a. Ka sa aka jinkirta wasan, ka goya ni har wurin mai gyaran takalmi, muka tsaya aka ɗinke, jama'a na ta surutu a fili. A hanyar dawowa ka bayyana mini cewa takalmi yana koyon ƙafar mai shi. Kai da gefen dunduniya kake taka ƙasa, ni kuwa da gaban ƙafa, don haka naka ya riga ya kwanta ta inda nawa bai kwanta ba. Idan na sa, kafin a tafi hutu zan yi bororo, daga nan hankalina ya bar ƙwallo ya koma ƙafa. Ka ce takalmin kirki shi ne wanda za a gama wasa ba ka tuna kana sanye da shi ba.

Talatar da ta biyo ka zo shagona ka ce in rufe mu shiga kasuwa. Na ce mu bari da safe, ka ce sam, da la'asar ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta wuni ta kumbura, kuma in ɗauko safar da nake wasa da ita. Wurin masu gwanjo na miƙa hannu ga wani jan takalmin ƙwallo mai ƙyalli, ka janye mini hannu. Na 'yan wasa ne, an matse shi don dukan ƙwallo, alƙali kuwa ba ya dukan komai, aikinsa gudu da tsayawa da juyawa daga farko har ƙarshe. Ga shi kuma ja, launin rigar Bakura, ka ce in na shiga fili da shi 'yan Maradun sun gama yanke mini hukunci tun kafin in ɗaga tuta. Baƙi ka zaɓa, marar ado. Ka lanƙwasa shi ka ga inda yake karyewa, ka matsa dunduniyar, ka danna gaban da babban yatsa don ka ji ko akwai wurin numfashi. Sannan ka sa ni gudu da baya da gefe-gefe tsakanin rumfuna, magidanci da ni, masu tumatir suna dariya. Kai ko murmushi ba ka yi ba, ƙafata kawai kake kallo.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne yadda kake isa fili kafin kowa, ka tuɓe takalmi da safa, ka bi filin ƙafa ba komai daga raga zuwa raga, ka tsaya gaban kowace raga ka murza dunduniya. Sai ka dawo ka buɗe jaka. Idan ƙasa ta yi tauri da tsakuwa kamar ta Mafara, mai shimfiɗaɗɗen tafi da ƙananan haƙoran roba za ka ɗauka, domin ƙusa a kan tauri gwiwa take ci. Idan laka ce irin ta Bakura bayan ruwa, sai mai ƙusa. Rairayin Maradun da ƙarangiyarsa kuwa akwai wani mai kaurin tafi da ka ware masa. Wasu suna cewa asiri kake binnewa, har wani ya taɓa bin sawunka yana tono. Da na tambaye ka me ya sa duk wannan wahala a kan wasan samari, ka dube ni ka ce:

"Lauwali, alƙali shaida na. Shaidan da bai kai wurin ba, mi za shi hwaɗi? Ido ba ya zuwa inda ƙahwa ba ta kai shi ba."

Damina biyu da suka wuce sai al'adar ta sauya. Muka isa fili, ka zauna a inuwa ka ce in tuɓe in bi filin ni kaɗai. Da na dawo ka tambaye ni: "Mi ƙasa tac ce?" Daga ranar haka muka riƙa yi. Ba ka karɓar amsa a dunƙule. Akwai sanyi a ƙarƙashi? Tana shiga tsakanin yatsu ko tana watsewa? Da ka murza dunduniya, ta riƙe ka ko ta sake ka? In na gama bayani sai ka ɗauki takalmin da ya dace da abin da na faɗa, ba ka tashi ka duba da kanka ba. Na ɗauka jarrabawa ce, wani lokaci kuma in ce tsufa ne ya kawo ƙyuya. Na tambaye ka fiye da sau ɗaya, kullum sai ka yi dariya ka ce tela ya cika son sani.

Na san kana da ciwon suga, kowa ya sani. Na san kuma ciwon da ya kai ka asibiti gyambo ne a tafin ƙafa wanda ya ƙi warkewa bayan wasan kusa da na ƙarshe da muka yi a Mafara. Iyakar abin da na sani ke nan har ranar da na koma gidanka bayan addu'ar bakwai. Da niyya na je. Tsoron wasan ya hana ni sukuni, na ce zan roƙi Hajiya Hadizatu, maiɗakinka, ta ba ni takalminka ɗaya in shiga fili da shi, ko na sami albarkarka, ko jama'a su gani su natsu.

Bayan mun gaisa na yi mata gaisuwar rashi, na kawo buƙatata ina sunkuyar da kai. Daga bayan labule na ji ta yi wata 'yar dariya da kuka a cikinta.

"Ai ya san kana zuwa," in ji ta. "A asibiti yac ce, in Lauwali ya zo biɗar takalmi, kak ku ba shi."

Sannan ta sa Abdulmalik ya fito da jakar, ya nuna mini cikin takalmin da ka sa a wasan Mafara. Shimfiɗar ciki ta yi baƙi da busasshen jini. Hajiya ta ba ni labarin abin da ka ɓoye. Tun damina biyu ciwon ya kashe maka tafin ƙafa, ba ka jin zafi, ba ka jin sanyi, ko ƙaya ka taka sai dai a gani. A wasan nan wata 'yar tsakuwa ta shiga takalmin, ka yi gudu a kanta tun daga usur na farko har na ƙarshe ba ka sani ba, sai da ka dawo gida tana cire maka safa ta ga jini. Ta ce ta sha roƙonka ka ajiye usur, ka ce sai ka raba Bakura da Maradun lafiya tukuna. Da ta tambaye ka yadda kake zaɓen takalmi alhali ba ka jin ƙasa, ka ce mata kana da ƙafa, tana Mafara tana ɗinki.

Malam, na yi kuka a zauren nan kamar ba namiji ba. Na ji haushinka, kuma har yanzu ina ji, domin da ka faɗa mini da ni zan riƙa zazzage maka takalmi a kowane hutu. Kai da ka koya mana cewa takalmin kirki shi ne wanda ake mantawa da shi, mantuwar ce ta zama sanadi. Amma a hanyar komawa Mafara wani tunani ya zo mini. Damina biyu kana gudu a kan maganata, ka ɗora gwiwarka da mutuncinka a kan abin da tafin ƙafata ya ji, kuma ban taɓa ganin santsi ya ɗauke ka ba.

An buga wasan a Mafara ranar Asabar da ta wuce, da wuri, don baƙi su isa gida kafin magariba. Na isa kafin kowa na tuɓe. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, rana ta busar da sama, duk mai kallo zai ce filin ya yi tauri kamar kullum. Amma gaban ragar gabas da na murza dunduniya, ɓawon ya fashe, sanyin laka ya taɓa ni. Na juya wajen inuwar da kake zama, bakina a buɗe zan ba ka labari. Babu kowa sai jakata. Na ɗauki nawa mai gajeriyar ƙusa, na zazzage shi, na ɗaura.

Bakura na gaba da ci ɗaya, lokaci ya kusa cika, sai Maradun suka kwaso ƙwallo daga gidansu da gudu. Na bi su. Mai tsaron bayan Bakura ya zame gaban ragar nan ya faɗi, Ayuba kyaftin ɗin Maradun ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta dira ƙasa ta fito. 'Yan Maradun suka tashi da murna. Ni kuwa ina tsaye daf da turke, na ga inda ta dira, a kan layi ne, ba ta haye ba. Na ce ba ci. Fili ya ɗauki irin gurnanin bara, na ga mutane sun fara duƙawa neman abin jifa. Ayuba ya nufo ni yana huci, ya tsaya, ya dubi ƙafata da lakar da ta kai idon sawu, ya dubi layin da ke gabana. Sai ya juya ya ɗaga wa mutanensa hannu.

"Ku bari," ya ce. "Wurin yake tsaye. Ya gani."

Aka ƙarasa wasan, aka ba Bakura kofi, motocin Maradun suka tashi da sauran rana, kuma an riga an fara maganar gasar baɗi.

Har yanzu akwai tambayoyin da ban yi maka ba, Malam. Ban san wa ya koya maka bin fili ƙafa ba komai ba, ban san yaushe ka fara gane ƙasa ta daina yi maka magana ba, ko me ka ji a ranka ranar. Takalmanka suna nan cikin jakarsu a ɗakinka, babu wanda zai sa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sallau, Ka gafarta masa, Ka sa ciwon da ya ɗauka a ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi ranar da ƙafafu suke zamewa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hadizatu, da 'ya'yansa Abdulmalik, da Marwa, da Raliya, da sauran dangi, da almajiransa na aji da na fili, da jama'ar Bakura, Maradun da Talata Mafara baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Lauwali na Malam,
Talata Mafara.