Zanin Da Mahaifina Ya Aiko Mini

Shekarun baya, a bakin kasuwar Tamale, wata mai sayar da man kaɗe da muka saba gaisawa ta ƙi amsa mini gaisuwa. Na ce mata antire, gaisuwar rana da Dagbanci, maimakon ta amsa da naa kamar kullum, sai ta kafe ido a ƙuguna, ta kalli bayana, ta ja farantinta jikinta. Kafin in waiga na ji hannu a kafaɗata.

Bari in koma baya kaɗan. Mahaifina mutumin ƙasar Kano ne, fataucin goro ya kawo shi nan tun yana saurayi. Mahaifiyata Badagomba ce 'yar unguwar Choggu. A unguwar Sakasaka aka haife ni, ban taɓa ƙetare iyaka ba. Da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa, mahaifina na cikin waɗanda suka fara hawa lori. Ya ce in zauna in ƙarasa sakandare, idan ƙura ta lafa zai aiko a kai ni.

Ba a daɗe ba aka ce yaƙin basasar Najeriya ya ƙare. Sai ga wani direban goro da ƙunshi daga mahaifina. Atamfa ce kore da fari, an buga hoton matashin sojan da ke mulkin ƙasar, da hularsa da murmushinsa, sunan ƙasar a rubuce ƙarƙashin kowace fuska. Direban ya ce can mata anko suke yi da ita don murnar zaman lafiya. Ya ce mahaifina na cewa shugaban ya hana ramuwa, ya ce a yafe wa juna a gyara abin da ya rushe, kuma ƙasar da ta karɓi waɗanda suka yaƙe ta ba za ta rasa wurin da za ta ajiye 'yarsa ba.

Mahaifiyata ta shafa atamfar, ta ninke, ta miƙo mini.

"Ƙasan akwati. Wannan ba na ɗaurawa ba ne a garin nan yanzu."

Na ce to. Amma ƙamshin shagon mahaifina ke jikinta, ko kuwa ni ce na ga dama na ji hakan. Da aka yi suna a gidan ƙawata a Dungu, na fita da tsohon zani, na canja a can. An yaba, kaina ya yi girma, da zan dawo na manta ban sake ba. Ni da nake taƙama da ilimin boko, na ratsa gari da tutar wata ƙasa a ƙugu, lokacin da 'yan sanda ke bi rumfa rumfa suna neman ragowar baƙi.

Ɗan sandan da ya dafa kafaɗata mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya nuna zanin da kulki.

"Kai, wane ne wannan?"

Wallahi amsa na ba shi kamar a aji. Na faɗi sunan shugaban, na faɗi ƙasarsa, saura kaɗan in ƙara da babban birninta.

"To, ka san shi. Mu je ka gaishe shi."

Bayan tashar lori suke tara mutane, a wani fili da aka kewaye da kwano. Na yi Turanci, na yi Dagbanci, na ce a nan aka haife ni. Ba wanda ya kalli bakina, zanin suke kallo. Ga lori a tsaye ana ɗora masa tabarmi da tukwane, an ce kafin magariba zai tashi. Na zauna a ƙasa.

"'Yar mai goro, ke ma kin samu gurbi?"

Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar da ke sayar da koko a bakin layinmu. Tun tana amarya aka kawo ta Tamale, ta binne miji da 'ya'ya a nan, amma takarda ba ta da ita.

Na ce, "Iya, tsoro nake ji."

"Tsoron me? Ke da kika yi shigar tafiya. Idan mun sauka ke za ki shige gaba, da fuskar nan a jikinki wa zai tare mu? Ke ko uba gare ki a can. Ni kabarin uwata ma ban san inda yake ba."

Ta ɓare mini gyaɗa daga bakin zaninta. Abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba shi ne, a zaman nan, wani sashe na zuciyata ya riga ya hau lorin.

Mai man kaɗen nan ce ashe ta bar farantinta ta ruga Choggu. Rana ta karkata sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, ya jingine kekensa, batakarinsa, rigar saƙin Dagomba, duk ƙasar gona, mahaifiyata na biye da shi ba ko takalmi. Ya durƙusa gaban babban ɗan sandan irin gaisuwar da ake yi wa sarki.

"Mai girma, yarinyar nan riƙona ce. Da hannuna na binne cibiyarta a bayan ɗakina. Ka aika a tona."

"Ubanta fa?"

"Ya tafi tuni. Ba ta san kowa a can ba, ba ta neman kowa."

Babban ya juyo gare ni. "Haka ne?"

Na gyaɗa kai.

"To cire wannan abu."

Mahaifiyata ta kare ni da jikinta, ta ba ni mayafinta na ɗaura. Zanin ya faɗi ƙasa, ba wanda ya yarda ya taɓa, sai Iya, da aka riga aka hau da ita, ta miƙo hannu daga kan lori.

"Ba ni in shimfiɗa, katakon nan da tauri." Da na miƙa mata ta riƙe yatsuna, ta rage murya. "Me zan ce wa babanki?"

Idon ɗan sandan na kaina, na kawuna ma. Ko a gaishe shi ban ce ba.

Ban sani ba ko Iya ta same shi, ko ta ce masa wani abu. Bai sake aiko da saƙo ba, sai labarin rasuwarsa da ya iso mu ta bakin fatake. Shekarar da na fara koyarwa na ji a rediyo an hamɓarar da shugaban nan yana wata ƙasa, na zauna na yi kuka har abokan aikina suka zaci ɗan'uwana ne. Ban san shi ba, ba ni da bakin yabon mulkinsa ko kushe shi. Shi dai ne mutumin da mahaifina ya amince zai iya kai 'yarsa ƙasarsa. Har yau idan hannu ya sauka a kafaɗata daga baya, sai na duba zanin da ke ƙuguna kafin in waiga.

Ladan na kiran la'asar lokacin da babban ya ɗaga mana hannu, ya ce mini da irin Hausarsu ta kasuwa:

"Tafi gida. Kai ɗan ƙasa ne, ba mai taɓa ka."

Mahaifiyata ta yi hamdala, kawu ya ɗauki kekensa. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar kwanon ina kallon lorin yana juya kai gabas, sai da aka ja hannuna.