Takardun da Baffa Ya Ɗaura wa Alkama

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ban daɗe da aure ba, ina noman alkama a fadamar ƙauyenmu, can wajen Liba. Fangulana suna jikin na Baffa, ƙanen mahaifina, kunya ɗaya ce ta raba mu.

Baffa ya yi shekaru yana leburanci a wata gonar gwaji kafin ya dawo gida. Abin da ya dawo da shi ɗan almakashi ne da hantsaki, da wata sana'a da ba wanda ya gane kanta. Idan alkama ta fara fitar da kai, sai ya tsuguna ya buɗe zangarniya, ya tsince wasu 'yan abubuwa daga cikinta, ya kaɗa mata garin furen wata zangarniyar, sannan ya rufe ta da 'yar jakar takarda. Ya yi rubutun ajami a jiki, ya ɗaure da zare. Akwai kuma fangulan da yake hana wa ruwa da gangan. Mu muna rigimar layin injin ban ruwa, shi yana toshe bakin nasa da laka.

Na taɓa tambayarsa, "Baffa, wanga aiki hwa? Kashe ta za ka yi."

Ya ce, "Wadda tam mutu ba ni da aiki da ita. Wadda tat tsaya nika biɗa. Aure nika ɗaura musu, mai jimirin ƙishi da wadda cuta ba ta kamawa, in ga irin ɗiyan da za su haihwa."

Na roƙe shi ko mudu ɗaya na irin, ya hana ni. Ya ce bai zauna ba tukuna, in ƙara haƙurin shekara biyu. Na bar maganar, amma ta tsaya mini a rai.

Da rani na gaba ruwan gulbi ya janye da wuri. Darɓa, ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta sauka a kan alkama, bayanta wata cuta ta biyo, ganye ya yi ja kamar tsatsa, in ka ratsa gona wandonka sai ya rine. Fadama duka ta ƙone a tsaye. Ta Baffa ma da yawa ta mutu, amma wasu layuka suka tsaya kore shar, da takardunsu suna lilo, ana hango su tun daga hanya.

Ranar da abin ya faru, da safe na murza zangarniya goma a tafin hannuna ban sami ƙwaya ba, ga matata da tsohon ciki. Bayan azahar muna zaune gindin tsamiya sai ga wani maƙwabcinmu na gona, mai iyali da yawa, ya soko ɗaya daga takardun Baffa a tsinin sanda, yana ƙin taɓa ta da hannu.

"Ku dibi!" in ji shi. "Layu na! Shi yak kore cutar daga gonatai yat turo muna ita!"

Liman ya karɓa ya duba, ya ce shi lissafi kawai ya gani, babu sunan kowa. Ba wanda ya saurare shi. Ni na san mece ce takardar. Da na buɗe baki, wataƙila da an tsaya. Ban buɗe ba. Na ɗauki fartanyata na bi su.

Mun tarar da Baffa a tsugune cikin layukan. Da ya ga adduna ya miƙe, ya ware hannuwa a gaban alkamar. "Ku tsaya in hwaɗa muku," ya ce. Dunƙulen ƙasa ya same shi a baki, jini ya zubo kan gemunsa. Wani ya shaƙo wuyan rigarsa ya kayar da shi cikin laka, aka rufe shi da duka, da sanda da ƙafa. Sauran suka faɗa wa alkamar da lauje da adda, suna sara suna tattakewa. Aka cinna wa bukkarsa wuta, inda yake ajiye gwangwanayen iri da littafin da yake rubuta asalin kowane layi.

Da ya ga hayaƙi ya ƙwace, ya rarrafa wajen bukkar. Ni ne a gabansa. Ya kama ƙafata don ya tashi, bai ma san tawa ba ce. Na juya fartanya na sauke masa ƙota a hannun dama. Na ƙara. A na biyun na ji ƙashi ya ce ƙas.

Ya ɗago kai ya gan ni. Bai yi ihu ba. Ya ce, "Kai na, ɗana?"

Wannan maganar ce ta watsa mutane. Kowa ya sulale, aka bar ni da shi da Liman. Mu biyu muka ɗauke shi zuwa bakin titi, muka tare motar albasa ta kai mu asibiti a Jega. Hannun ya karye wuri biyu, haƙora uku sun fita. Da aka tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce taro ne, bai shaida fuska ba. Haka ya maimaita wa mai gari. Mahaifina kuwa ya ji gaskiya daga bakina, ya shekara bai amsa gaisuwata ba.

Baffa bai koma ƙauyen ba. 'Yarsa da ke aure a Aliero ta ɗauke shi. Sai bayan damina na iya zuwa. Na same shi a zaure, hannun ya ɗoru a karkace, yatsun sun ƙandare. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Hannun dai, na yahe maka tun cikin mota. Irin nan ne ban iya yahewa ba tukun. Shekara tara nika bin shi."

Na ce zan yi duk abin da ya ce, in zama hannunsa, mu sake daga farko.

"Da wane iri? Uwayen sun ƙone." Sannan ya ce, "Tashi ka ci tuwo, ka yi tahiya."

Na riƙa zuwa duk bayan 'yan makonni, ina yi masa aski, ina yanke masa farce. Muna hirar albasa da ruwan sama, bai sake ambatar alkama ba. Mu ma a fadama ba mu daɗe ba muka daina shuka ta.

Ya rasu shekara huɗu bayan haka. 'Yarsa ta aiko cewa ya bar wasiyya ni zan yi masa wanka. Na yi. Da muka zo sa likkafani na yi ƙoƙarin miƙar da hannun ya kwanta a gefensa, ya ƙi. Malamin da ke taya ni ya ce in bar shi yadda yake, kada in ji masa ciwo. Haka muka naɗe shi, muka fito da shi.