Wando Mai Soso Daga Dilar Mararaba

Allah ya halicce ni da doguwar gangar jiki a kan gajerun ƙafafu. Idan ana zaune a taro ni ne dogo, da an miƙe sai a nemi inda na shige. Daga baya kujerar ofis da tuwon shinkafa suka ƙara mini teɓa a gaba. Duk wannan bai taɓa damuna ba, don kaftani da babbar riga ba sa tona asirin kowa. Keke ne ya tona nawa.

Shekarun nan ne da farar hula suka dawo mulki, kuɗi ya shigo Abuja, duk inda ka juya sabon titi ya miƙe cikin daji, ko fentinsa bai bushe ba. Ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, iyalina suna Zariya, ni kuma ina kama ɗaki a Kubwa. Likita ya auna jinina, ya ce ko in motsa jiki ko in shirya wa shan ƙwaya har ƙarshen rayuwata. Na sayi keke na hannu, na shiga cikin wasu mutane da ke hawa duk Lahadi bayan Asuba. Kai, waɗannan safiyoyi! Titi fayau, babu mota sai jefi-jefi, duwatsun Ushafa suna fitowa daga cikin raɓa, mata masu tukwane suna tsayawa suna kallonmu kamar sun ga mahaukata. Wallahi duk sati don Lahadin nan nake rayuwa.

Sai dai duk ranar da na hau, a tsaye nake yin aikin Litinin. Matsematsina ya sale, fata ta saɓule, ga ɗinkin wando yana yanka ta kamar zaren kaba. Har sujada sai da dabara. Shugaban tafiyarmu, wani likitan haƙori Bayarabe mai son tsokana, ya ce laifin wandona ne. Ya nuna mini nasa: yadi mai talewa, da soso a ɗinke daidai mazaunin sirdi, babu roba a ƙugu, sai igiyoyi biyu da ake ratayawa a kafaɗa. Ya ce in ban samu irinsa ba gara in sayar da keken, kafin ciwon ya kai ni asibiti a kife.

Na je wani kanti a Wuse. Aka faɗa mini farashi, na ce wa yarinyar kantin wando na tambaya, ba ragon Layya ba. Duk da haka na gwada. Wanda ya yi wa ƙafafuna daidai, igiyoyinsa suka ƙi kaiwa kafaɗa, da na tilasta sai suka tanƙware ni kamar mai ruku'u. Wanda igiyoyinsa suka kai, ƙafar ta wuce gwiwa, soson yana reto a tsakanin cinyoyi. Wato duk Turai ba a taɓa haifar mai irin jikina ba? Na fito ina huci.

Wani masinja a ofis ya ce in gwada 'yan gwanjo na Mararaba. Ranar Asabar na shiga bas, na sha cunkoson Nyanya, na yi ta bin rumfuna har na faɗa ta wani dattijo Bakatsine, mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Kayan motsa jiki yake sayarwa. Ina cikin tona tarin sai ga irin abin da nake nema, da igiyoyinsa da komai. Na juya cikinsa, babu soso, sai sawun reza.

Na tambaye shi ina soson. Ya sunkuyar da kai, ya ce ai cirewa suke yi su zubar, sai su sayar wa mata wandon su sa a ƙarƙashin zane. Wai ƙunzugun tsofaffin Turawa ne masu yoyon fitsari, ba zai sayar wa Musulmi ƙazanta ba.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce soson nan shi ne wandon gaba ɗaya, na 'yan tseren keke ne, sun yi shekaru suna zubar da dukiya a bola. Na yi bayanin sirdi, na yi na gumi, har na kwatanta yadda ake zama. Maƙwabtansa suka fara leƙowa. Ya dube ni, ya dubi teɓata, ya dubi yadda nake tsaye ƙafafu a ware saboda ciwon. Sai ya kama hannuna ya ja ni cikin rumfa.

“Haka ne, Yallaɓai, na keke ne,” in ji shi, murya ƙasa ƙasa. “Ka bar mani lambarka.”

Na san bai yarda ba. Irin muryar da ake yi wa majinyaci ce.

Daga nan duk lokacin da ya fasa sabuwar dila sai wayata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, ni in kira. Ba ya taɓa ambaton wando, sai ya ce saƙona ya iso. In na je sai ya kori masu ciniki da dabara, ya saki labule, ya ciro baƙar leda daga ƙarƙashin bencinsa, ya juya mini baya har in gama gwadawa. Tun ina gardama har na gaji. Na taɓa kawo masa hoton 'yan tsere daga jarida, ya duba da kyau, ya ce Allah sarki, ashe har yara matasa abin yana kamawa.

Ba ko ɗaya da ya yi mini. Damina ta shigo, ciwon ya zama ƙuraje, na daina fita. Lahadi sai in kwanta ina jin lokacin da abokan hawana suke wucewa ta bakin layinmu, ƙarar sarƙa da dariyar likitan haƙorin. Na wanke keken, na yi wa wani bakanike magana ya nemo mai saye. Ranar na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko da aka tsallake ni a ƙarin girma.

Ana haka wayar ta yi ƙara ta katse. Saura kaɗan in ƙi zuwa.

Abin da ya ciro daga ledar ya ba ni dariya tun kafin in taɓa. Sama ja, ƙasa baƙi, ga wani ɗinki mai kauri ya zagaye tsakiya kamar tabon tiyata. Ashe biyu daga cikin waɗanda na ƙi ya ɗauka, na dogo da na gajere, ya kai wa wata tela a bayan kasuwa mai ɗinka kayan mata masu talewa. Ya ce mata na wani ɗan'uwansa ne marar lafiya. Ta yanke saman wancan ta haɗa da ƙasan wannan. Ban taɓa ganin mummunan tufa irinsa ba. Na sa, igiyoyi suka hau kafaɗa lafiya lau, teɓa ta samu wurin zama, soso ya tsaya inda ya kamata. Na durƙusa, na miƙe, na sake durƙusawa, babu inda ya ja.

Ya karɓi kuɗin gwanjo kawai, na telar ma sai da na yi rantsuwa. Da zan fita ya cusa mini wani ƙullin garin magani a aljihu, ya ce a sha da kunu.

“Allah shi ba ka lahiya, Yallaɓai. Ba wanda za ya ji daga bakina. Kuma kullum na yi salla ina sa ka a addu'a.”

Na buɗe baki zan sake bayanin sirdi, sai na ji na ce amin.

Da ƙurajen suka warke na ɗora wando mai yalwa a samansa saboda al'aura, na fita. Muka haye tudun Ushafa, muka wuce har Bwari, na sauka na sha shayi a zaune a kan benci kamar kowa. Likitan haƙorin ya hango jan saman ta wuyan rigata, ya tambayi kamfanin, na ce ba zai iya biya ba. Na yi shekaru ina hawa da wandon nan, kuma ba a sake yi mini maganar ƙwaya ba.

Wata Lahadi na rabu da jama'a, na tuƙa tun daga Kubwa har Mararaba don in kashe gardamar. Ina so ya gan ni a kan keke, da gumi da hular kwano, ya san ba ƙarya na yi ba. Na tsaya a tsallaken titi. Ga shi can a kan bencinsa, yana juya cikin wani wando mai igiya. Ya shafa soson, ya ninke shi a hankali, ya waiga dama da hagu, ya tura ƙarƙashin benci.

Na daɗe a tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa. Abuja gari ne da za ka yi zazzaɓi ka warke maƙwabcinka bai sani ba. A duk faɗinsa mutum ɗaya na sani da ke ambatona bayan salla, ban ga dalilin da zan tsallaka in sallame shi ba. Na juya kan keken na kama hanyar gida.