Gurbin Yatsu a Jikin Matuƙi

Munawwara tana jiran mota a tashar Basirka, idonta na kan wani dattijo a gindin tsamiya, da matuƙi, itacen tuƙa kwale-kwale, bisa cinyarsa. Rani ne, kogi ya koma yashi, amma ƙafafun wandonsa a naɗe suke har gwiwa, kamar yanzu ya fito daga ruwa.

Yana kankare itacen da fasasshiyar kwalba, ya ɗaure inda ya tsage da waya, ya bi shi da man kaɗanya a hankali. Mariƙin kaɗai yake tsallakewa. Wajen ya yi baƙi, ya lotsa, yatsun wani sun bar gurbinsu.

"Baba, ka manta nan," in ji ta.

"Ban manta ba, 'yata. Hannun yayana ne."

Ba ta tambaya ko ruwa ne ya ci shi ba. A ranta dai tana hango su, samari biyu suna ƙetare kogi da hantsi.

Dattijon ya sa yatsunsa a gurbin, ba su cika shi ba. Ya lumshe ido, ya tuƙa iska sau ɗaya.